An ɗora mini aikin raba shara a makarantarmu, ta ina zan fara?

Malama Rukayya: Assalamu alaikum 'yan uwa malamai da iyaye. Shawara nake nema. A taron malamai na ƙarshen zango shugaban makarantarmu ya ce yana so a fara raba shara, abin da za a iya sake sarrafawa a ware shi daban. Da yake ni ke koyar da kimiyya a ƙananan azuzuwa, kafin in ɗago kai an ce ni ce shugabar kwamiti. Kwamitin kuwa zuwa yanzu ni kaɗai ce a cikinsa. Makarantar sakandare ce ta jeka-ka-dawo. Abin da na tsara shi ne a sayi kwanduna masu launi uku-uku a kowane aji, a ƙaddamar da shirin a taron safe, sannan a sa gasa tsakanin azuzuwa, wanda ya fi tarawa a ba shi kyauta. Wanda ya taɓa yi don Allah ya nuna mini inda ramin yake kafin in faɗa ciki.

Tsohon Hedimasta: Wa alaikumus salam. 'Yata, kafin ki sayi kwando ko ɗaya, amsa mini tambaya guda. In kwandunan nan sun cika, wa zai kwashe, kuma ina zai kai?

Malama Rukayya: Baba, gaskiya tunanina bai kai nan ba tukuna. Na ɗauka in an tara, mai saye ba zai yi wuyar samu ba.

Tsohon Hedimasta: To nan ramin yake. Ni na faɗa cikinsa da ƙafafuna biyu lokacin ina aiki. Mun yi fenti a ganguna, mun rubuta takarda, roba, sauran shara. Yara suka karɓi abin hannu bibbiyu, har da masu tsayawa a bakin ganga suna hana 'yan uwansu jefa abu inda bai dace ba. Sati uku ana haka. Da gangunan suka cika babu wanda ya san abin yi, sai mai shara ya yi abin da ya saba, ya juye su duka a baro ɗaya ya kai bayan azuzuwa ya cinna wuta. 'Yan aji ɗaya suna kallo ta taga. Washegari wani yaro ya tsaya gabana ya ce, Malam, ashe dama wasa ne? Ban sami abin ce masa ba. Daga ranar ko magiya ko tsawa ba su sa yaran nan sun sake raba shara ba, kuma ban ga laifinsu ba. Laifin ma ba na mai shara ba ne, nawa ne, ni na fara gini daga rufi.

Saboda haka ki juya tsarin naki. Ki fara da wanda zai karɓa. Ki je wurinsa da ƙafarki, ki tambaye shi me yake karɓa, me ba ya karɓa, a wane hali yake so a kawo, kuma sai an tara nawa zai zo ɗauka. Amsarsa ita za ta gaya miki kwando nawa za ki ajiye. In abu ɗaya kawai yake karɓa, kwando ɗaya ya ishe ki.

Sani Mai Sikeli: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya gama magana. Wannan sana'ata ce, ni ne irin wanda za ki je wurinsa. Malama, mu da awo muke saye, ba da ƙirga ba, kuma nan ne masu sabon shiga suke karaya. Gorar roba ƙarama ta rabin lita nauyinta tsakanin giram 10 ne zuwa 25, gwargwadon kaurinta. Ke nan kafin ki haɗa kilo ɗaya sai kin tara gora 40 zuwa 100. Za ki ga buhu ya cika fam, yara suna murna, a ɗora a sikeli allura ta motsa kaɗan. Iska kuka tara. Shi ya sa muke cewa a cire murfi, a taka gorar ta lotse, sannan a jefa. Gwangwanin alminiyam na lemo wajen 70 ke yin kilo, amma shi ya fi komai daraja a kilo. Takarda ita ce mai nauyi. Fallen takardar A4 giram 5 ne, bandir mai falle 500 ya kai kilo biyu da rabi. Makaranta kuwa takarda ce arzikinta: tsofaffin littattafan rubutu, takardun gwaji, kwalaye daga ofis.

Abu biyu ke sa in ƙi kaya. Jiƙa da gauraye. Takardar da ruwa ya taɓa ta fara ruɓa, wadda maiƙo ya taɓa ta lalace. In na buɗe buhu na ga an haɗa takarda da ragowar abinci da leda, ba zan tsaya tsincewa ba, zan wuce.

Malama Rukayya: Na gode ƙwarai Malam Sani. Leda fa? Ita ce ta fi damunmu a fili, ko'ina ka duba ita ce a maƙale da waya.

Sani Mai Sikeli: Ya danganta da wurinku. Akwai masu narka ta, akwai wuraren da babu mai kallonta. Ba ta da nauyi, kuma kullum da datti take zuwa. Ki tambaya kafin ki yi wa yara alkawari a kanta. Ledar nan mai ƙyalli a ciki, wadda aka haɗa roba da ƙarfe-ƙarfe, ita kam da wuya ki sami mai so.

Maman Ilham: Ku yi haƙuri zan shigo da abin da ba za ku so ji ba. Ni uwa ce, ba malama ba. Na kai 'yata makaranta ta yi karatu ne, ba ta koyi jari bola ba. Yau a ce su raba shara, gobe a ce kowa ya zo da buhun gora daga gida, jibi ka ga yarinya tana tonon juji a hanya don kada ajinsu ya zo na ƙarshe. In kwalba ta yanke ta wa zai ɗauki nauyi? Makaranta ta ɗauki ma'aikata su yi aikinsu.

Sani Mai Sikeli: Hajiya, jari bola ba zagi ba ne fa. Da shi muke ciyar da iyali.

Maman Ilham: Ban ce zagi ba ne Malam Sani, in maganata ta yi maka zafi ka yafe ni. Babba da ya zaɓi sana'arsa daban, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya da aka tura daban.

Injiniya Jamila: Maman Ilham, rabin maganarki ina tare da ke ɗari bisa ɗari, kuma rabin nan shi ne batun gasa. Malama Rukayya, ki cire gasar wanda ya fi tarawa daga tsarinki. Duk abin da ka ce za ka ba da lada a kan yawansa, to za a ƙirƙiro maka yawan. A birnin Hanoi na ƙasar Vietnam a 1902 Faransawa 'yan mulkin mallaka sun so rage ɓeraye, suka ce duk wanda ya kawo wutsiyar ɓera za a biya shi. Ba a jima ba aka fara ganin ɓeraye marasa wutsiya suna yawo a gari, an yanke an sake su don su ci gaba da haihuwa, har aka gano masu kiwon ɓera. Yara ma haka za su yi miki ba da mugun nufi ba. Za su yagi fallen littafi mai kyau su jefa a kwando, za su roƙi kuɗin lemo don gorar, za su tsinto a titi. Ajin da ya ci kyauta shi ne ajin da ya fi samar da shara.

In dole sai an yi gasa, a yi ta a kan tsabtar rabo. A zazzage kwandon takarda na kowane aji ranar Alhamis, a duba abu nawa ne ya shiga wanda bai kamata ba. Ajin da kwandonsa ya fi tsabta shi ya ci. Wannan babu yadda za a yi masa maguɗi sai ta hanyar yin abin da ake so.

Ɗaya rabin kuma, Maman Ilham, raba shara a aji ba tono ba ne. Yarinya ta gama da takarda, maimakon ta jefa nan ta jefa can. Hannunta bai taɓa dattin kowa ba. Shi ya sa ake rabawa tun daga tushe, don kada wani ya zo ya tona daga baya.

Maman Ilham: In dai haka ne ba ni da ja. Amma a rubuta a takarda a aiko wa iyaye: ba kwalba, ba kawowa daga waje, kuma wanda zai ɗauki buhu a ba shi safar hannu ya wanke hannu da sabulu. Kuma kada ya zama horo. Na san makarantu, yaro ya makara a ce je ka tsince filin nan.

Tsohon Hedimasta: Wannan ta ƙarshen da Maman Ilham ta faɗa a rubuta ta da manyan baƙaƙe. Ba za ka shekara kana hukunta yaro da tsintar shara ba, sannan ka zo taron safe ka ce masa aikin alfahari ne. Yara ba wawaye ba ne.

Malam Nura: Ni malamin kemistiri ne, bari in shigo ta ɓangaren aji. Malama, kina da ɗakin gwaji kyauta a cikin kwandon nan, kada ki bari ya wuce ki. Ki sa yara su juya kowace roba su duba ƙasanta, za su ga lamba daga 1 zuwa 7 a cikin alamar kusurwa uku mai kibau uku. Masana'antun roba na Amurka ne suka fito da lambobin a 1988. Lamba 1 ita ce PET, gorar ruwa da lemo. Lamba 2 HDPE, jarkoki da robar man wanki. Lamba 3 PVC, irin ta bututu. Lamba 4 LDPE, yawancin leda. Lamba 5 PP, murafe da wasu kwanukan roba. Lamba 6 ita ce ta kofunan nan masu kama da kumfa, 7 kuma tarkacen da ya rage. Abin da yara ba su sani ba, har da manya da yawa, lambar ba ta nufin za a sake sarrafa abin. Sunan irin robar kawai take faɗa. Wadda ta fi samun mai karɓa 1 ce da 2.

Ga gwajin da nake yi da su. Ki yanko ɗan ɓallin gorar PET, ki ɗauki murfinta, ki jefa su a kofin ruwa. Ɓallin zai nutse, murfin zai taso. PET ta fi ruwa nauyi, kusan giram 1.38 a kowane santimita kubik, murfin kuma bai kai giram 1 ba. Da wannan dabarar masana'antu ke raba su bayan an niƙa, a babban kwamin ruwa. Sai ki kawo maganaɗisu ki ba su gwangwanaye: wanda ya manne ƙarfe ne, wanda ya ƙi alminiyam ne. Yaron da ya yi wannan da hannunsa ba sai kin yi masa wa'azi ba.

Abba (ɗalibi): Malam, ita alamar kibau ukun nan wa ya ƙirƙiro ta?

Malam Nura: Ɗalibi ne kamarka, sai dai na jami'a. Gary Anderson, yana da shekara 23, ya zana ta a 1970 a wata gasa da wani kamfanin kwali na Amurka ya shirya. Ka ga ba kowace gasa ce ke haifar da ɓera mara wutsiya ba, Injiniya.

Injiniya Jamila: Na karɓa, Malam Nura. Tunda an zo kan lambobi, akwai gaskiyar da nake ganin ya kamata a faɗa wa manyan ɗalibai. Rahoton 2022 na OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe da dama, ya nuna kashi 9 cikin ɗari ne kawai na sharar roba a duniya ake sake sarrafawa. Shekaru da dama ƙasashe masu arziki suna loda tasu a jirgin ruwa zuwa Sin suna kiran hakan sarrafawa, har Sin ta rufe ƙofa a farkon 2018, ta hana shigo da nau'in shara 24, abin da ta bari kuma ta ce dattin cikinsa kada ya wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Garuruwa da yawa a Amurka da Turai suka wayi gari da tulin kayan da aka raba babu mai saye. Wato abin da ya sami Baba da gangunansa uku shi ya sami manyan birane. Kuma kayan ba ɗaya suke ba. Alminiyam in aka narka shi aka sake, kusan kashi 5 cikin ɗari na makamashin da ake kashewa wajen yin sabo yake ci, kuma ana iya maimaitawa ba iyaka. Takarda zarenta yana gajarcewa, sau biyar zuwa bakwai ta gama. Roba kuwa yawanci ƙasa-ƙasa take yi, gora ta koma zaren tufafi ko igiya, daga nan sai juji.

Malam Bashir: To in haka ne me ya sa za mu wahalar da kanmu? Kashi 9. Malamai ga darasi, ga makin jarrabawa, ga rajista, yanzu kuma ga awon shara. Ni ina ganin irin abin nan ne da shugabanni ke so don a ɗauki hoto a nuna wa baƙi.

Injiniya Jamila: Kashi 9 ɗin na roba ne Malam Bashir, ba na takarda da gwangwani ba. Kuma darasin da ke ciki shi ne ragewa ta fi rabawa. Makarantar da ta gyara famfonta ta ce kowa ya zo da gorar da zai riƙa cikawa ta rage shara fiye da wadda ta sayi kwanduna talatin. Ofis ya riƙa buga takarda gaba da baya, nan take an rage kusan rabi.

Malam Bashir: Wannan na yarda. Amma maganar nauyi a kan malami ba ki amsa ba.

Tsohon Hedimasta: Ba ta amsa ba don gaskiyarka ce, Malam Bashir. Duk shirin da na gani ya mutu, bayan na rashin mai saye, ta wannan hanyar ya mutu: malami ɗaya mai zuciya ya ɗauke shi a kansa, aka yi masa canjin wurin aiki ko ta tafi hutun haihuwa, shiri ya bi su. Rukayya, kin ce ke kaɗai ce a kwamiti. Kada ki fara komai sai kun zama aƙalla ku biyar: ke, wani malami, mutum ɗaya daga masu shara, wakilin iyaye, da ɗalibai. Kuma ɗaliban kada su zama 'yan ajin ƙarshe zalla, don su baƙi ne, wata tara sun tafi.

Malama Zainab: Akwai tsarin da ake kira Eco-Schools, wata gidauniyar ilimin muhalli mai hedikwata a Denmak ke gudanar da shi tun 1994, suna ba makarantar da ta cika sharuɗɗa koren tuta. Ko ba za ku shiga ba, matakansu biyu na farko abin aro ne: kafa kwamitin da ɗalibai ke jagoranta, sannan a binciki halin da makarantar ke ciki kafin a tsara komai. Mu haka muka yi. Muka shimfiɗa tamfol, muka zazzage sharar yini guda, manyan ɗalibai da safar hannu suka rarraba, aka auna kowane kashi. Kowa ya rantse roba ce za ta fi yawa don ita ido ke gani. Da aka ɗora a sikeli takarda da busasshen ganye suka bar ta a baya nesa ba kusa ba.

Abba (ɗalibi): Na karanta akwai wani gari a Japan, Kamikatsu, da suke raba shararsu zuwa nau'i sama da 40. Me zai hana mu gwada ko goma?

Malama Zainab: Abba, garin nan mutanensa ba su kai dubu biyu ba, kuma tun 2003 suka ɗaura ɗamarar wannan aiki. Ku fara da ɗaya ku ga ko za ku kai ƙarshen zango.

Abba (ɗalibi): To Anti, na ji. Amma ni abin da zan roƙa a matsayina na ɗalibi, kuɗin da aka samu a gaya mana inda ya tafi. A tsohuwar makarantarmu mun tara kwalaye zango guda, mota ta zo ta kwashe, shiru kake ji. Ko alli ba mu ga an saya ba.

Malam Bashir: Yaro ya taɓo inda ke ƙaiƙayi.

Tsohon Hedimasta: Littafi ɗaya, Abba. Ranar da aka auna, nauyin kaya, abin da aka biya, sa hannun malami da na ɗalibi. A kafe kwafinsa a allon sanarwa. A yi awo a gaban yara, ba a ofis ba. Kuɗin ba zai taka kara ya karya ba, kada kowa ya yi mafarkin gina aji da shi, amma ƙaramin kuɗin da ba a bayyana ba ya fi babban da aka bayyana tayar da ƙura. A sayi abin da ido zai gani, ƙwallo ko littattafan laburare, yara su zaɓa da kansu.

Sani Mai Sikeli: Akwai abin da har yanzu ba wanda ya faɗa, kuma shi zai iya kashe shirin a sati biyu. Malama, kina tsammanin yanzu gwangwanaye da gorunan makarantarku juji suke tafiya? Ina tabbatar miki akwai mai tsince su. Ko mai shara, ko maigadi. Irinsu ke kawo mini kaya kullum da yamma, da shi suke cike giɓin albashi. Ranar da kika kafa kwando kika ce na makaranta ne, kin cire musu abu daga baki ba tare da kin sani ba. Ba za su yi miki musu ba, za su ce to Malama. Amma kwandonki ba zai taɓa cika ba.

Malama Rukayya: Wallahi ko kaɗan wannan bai zo mini ba. Kuma yanzu da ka faɗa na tuna ina ganin wani buhu a bayan ɗakin maigadi.

Maman Ilham: To a bar musu mana. Yara su raba, su su sayar. Makaranta ta yi tsabta, bayin Allah sun samu.

Malam Bashir: In an bar musu duka, Abba zai sake tambayar ina kuɗi.

Injiniya Jamila: Sai a faɗa wa Abba gaskiya tun farko: gwangwani da gora na masu shara ne, takarda ta makaranta ce. Ba na jin akwai ɗalibin da zai ƙi. Kuma su ne suka san mai saye, sun san ranar da yake zuwa, sun san sikelin da ke cuta. Mutumin da kike nema ya nuna miki hanya yana cikin makarantarki da tsintsiya a hannu.

Malam Nura: Ƙarin abu biyu na lafiya kafin in tafi aji. Batir kada ya shiga kowane kwando, musamman na waya, in aka matse shi ko ya huje yana kamawa da wuta, ga ku da ɗakin takarda. Na biyu, duk abin da ya rage wanda ba mai karɓa, a yi ƙoƙari kada a ƙona shi kusa da azuzuwa. PVC in ta ƙone tana fitar da iska mai guba da ke cin huhu, har da sinadaran dayoksin. Gora da gwangwani kuma a ajiye su a rufe, in ruwan sama ya taru a ciki sauro na iya ƙyanƙyashewa ya girma cikin kwana bakwai zuwa goma.

Malama Zainab: Takardun jarrabawa da na ofis masu sunaye da maki kuma a yayyaga su kafin su fita. Mun taɓa jin kunya a kan wannan, ba sai na ba da labari ba.

Malama Rukayya: Ganyen da kika ce fa, Malama Zainab? Muna da bishiyoyi da yawa, kullum ƙonawa ake yi.

Malama Zainab: Taki ne kuke ƙonawa. Rami ko keji a gefe, busasshen ganye da yawa, ɗanyen ciyawa da ɓawon 'ya'yan itace kaɗan, a yayyafa ruwa, a juya duk sati. In ya kama aiki cikinsa yana zafi har digiri 55 zuwa 65, yara su sa ma'aunin zafi su gani. Banda nama da maiƙo, suna jawo ɓera. Amma shawarata ki bar shi sai zango na biyu, ki haɗa kai da malamin aikin gona ya zama nasa. Kada ki ɗebo da zafi.

Malama Rukayya: Assalamu alaikum, na dawo da rahoto bayan sati biyu. Ban sayi kwando ko ɗaya ba. Na zauna da dattijon da ke mana shara, da farko ya ɗauka ƙararsa aka kai, sai da na rantse masa. Ashe shekara da shekaru yana sayar da gwangwani da gora, kuma shi ya kai ni wurin mai sayensa. Mun yi yadda Injiniya ta ce, waɗannan nasa ne, yara za su riƙa jefa masa a buhu biyu da muka rataya inda ake zama lokacin tara. Mu takarda kawai za mu yi wannan zangon. Kowane aji ya sami kwali ɗaya daga ofis, 'yan ajin suka yi masa rubutu da kansu. Kwamiti mun zama mu bakwai, har da wani malami mai irin ra'ayin Malam Bashir, na ce gara ya yi ƙorafinsa a ciki. Shugaban makaranta bai ji daɗin rashin bikin ƙaddamarwa ba, na ce masa a yi bikin ranar da mota ta fara ɗauka.

Matsala biyu. Mai sayen takarda ya ce ba zai turo mota ba sai kaya sun yi yawa, abin da mu kaɗai sai mun shekara. Sannan siton da aka ba mu rufinsa yana yoyo ta kusurwa ɗaya.

Sani Mai Sikeli: Ta farko mai sauƙi ce, ki nemi makarantu biyu ko uku na kusa ku sa rana ɗaya, mota ta zagaya, kowa a auna nasa daban a rubuta masa. Ƙarshen zango ya fi, lokacin ake zubar da tsofaffin littattafai. Ki cire bangon roba da waya mai murɗi daga littattafan, farar takarda daban, kwali daban, don ba kuɗinsu ɗaya ba. Rufi kuwa kada ki jira a gyara. Ki jera katako ko bulo a ƙasa, ki ɗaure takardun dami-dami ki ɗora a kai nesa da bango, ki rufa tamfol. Ki riƙa ɗaga na ƙasa kina dubawa saboda gara.

Malam Bashir: Makarantarku tana ta wane ɓangare, Malama? Ki turo mini saƙo ta gefe. Muna da kwalaye cike da ɗaki guda tun bara, an rasa yadda za a yi da su.